Kafin Mu Je Kallon Benis, Mu Leƙa Masaƙar Gwandu da Maƙerar Kalgo

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai a gyara zama a yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya gaji tsofaffin littattafan hannu a gidansu, irin waɗanda kakanni suka bari cikin gafaka, ina roƙonsa ya yi wani ɗan gwaji. Ya zaro warƙa ɗaya a hankali, ya ɗaga ta saitin hasken rana. In an yi dace zai ga wata alama a cikin jikin takardar kanta, wadda ba da tawada aka yi ta ba: jinjirin wata guda uku a jere. Wani lokacin ma har da sunan wani Bature, Andrea Galvani, da sunan gari, Pordenone. Irin wannan takarda daga arewa maso gabashin Italiya take fitowa, yankin da birnin Benis ya daɗe yana mulka. Benis kuwa shi ne birnin nan da kuke gani a hotuna, wanda titunansa ruwa ne, motocinsa kwalekwale.

Abin da ya kawo wannan magana shi ne, ni da wasu abokaina muna ta tara kuɗi don mu je hutu wannan birni. Duk inda muka duba bayanin tafiyar, shawara ɗaya ake ba baƙo: ka je tsibirin Murano ka ga masu hura gilashi, ka je Burano ka ga mata masu ɗinkin leshi da allura, ka tsaya ka ga masassaƙan jirgi. Wato dai mutum zai biya kuɗin biza da na jirgin sama da na masauki don ya je ya kalli masu sana'ar hannu suna aiki. Sai na ce to bari in fara zagaya namu na Gwandu da Kalgo, don in na je can in san da me zan gwada abin da na gani. Abin da na tarar a gida, da abin da tarihi ya nuna, shi nake so mu tattauna.

ALAƘAR TA DAƊE

Mu fara da takardar. A zamanin Daular Usmaniyya ba a yin takarda a ƙasar Hausa, sayo ta ake yi. Masana'antun yankin Benis suna yin ta musamman don kasuwannin ƙasashen Musulmi, shi ya sa suka zaɓi alamar jinjirin wata. Daga can a ɗauko ta a jirgin ruwa zuwa Masar ko Tarabulus, ayarin raƙuma su ratso Sahara da ita ta Gadamas da Gat da Agadas, ta sauka Kano ko Katsina, fatake su ƙaraso da ita Sakkwato da Gwandu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasarmu da sunan Abdulkarim, da ya shiga kasuwar Kano a 1851 ya lissafa kayan Turai da ya gani, kuma a cikinsu akwai takarda mai wata uku da duwatsun ado na gilashi daga Benis. Ke nan a kan irin wannan takarda almajirai suka riƙa kwafar littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, irin su Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati, kuma a wuyan kakanninmu mata an rataya gilashin birnin ruwa tun kafin a san mene ne fasfo.

Ga wani abin sha'awa kuma. Larabawa suna kiran Benis da sunan Bunduƙiyya, kuma da wannan kalmar dai suke kiran makamin da mu muka ara muka mayar bindiga.

To mu, me muke sayarwa a wancan lokaci? Nan ne Gwandu take shigowa. A 1805 Shehu Usmanu da jama'arsa suka sauka Gwandu, a shekarar da aka ci Birnin Kebbi aka kuma yi yaƙin Alwasa. Da aka raba kula da daular a 1812, ɓangaren yamma ya faɗo hannun Malam Abdullahi, kuma bayansa sarakunan Gwandu ne ke duba al'amuran Nupe da Ilori da Yawuri, har zuwa Sayi da Liftako, waɗanda yau suke cikin Nijar da Burkina Faso. Malam Abdullahi ya rasu a 1829, hubbarensa yana nan Gwandu ana ziyarta.

Barth ya iso Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarki Halilu, wanda bai yarda sun haɗu ido da ido ba. A nan Gwandu ne aka ara masa kwafin Tarikh al-Sudan, babban littafin tarihin Tumbutu da Songai, ya zauna kwanaki yana tsamo abin da zai iya. Ta wannan hanya ne Turai ta fara sanin abin da ke cikin littafin, kuma yawancin masu ba da labarin Barth a Gwandu nan suke tsayawa. Amma ya rubuta wani abu da ya fi shafar zancenmu na yau. Ya yaba albasar garin, sannan ya ce saƙar audugar mutanen Gwandu mai kyau ce ƙwarai, illa dai rininsu ba ya kai na Kano da Nupe sheƙi, kuma duk da haka ana neman tufafin har Liftako. Ku lura da kyau: Gwandu da muka sani da malanta da sarauta, gari ne na masaƙa da ke fitar da kaya zuwa wata ƙasa.

Ba ita kaɗai ba. Kasuwar Jega a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin daular, mahaɗar fataken goro da gishiri da tufafi. A Bida kuwa, wadda sarakunanta ke kawo gaisuwa Gwandu, akwai unguwar Masaga, inda ake narka gilashi ana yin awarwaro da duwatsun wuya. A da daga yashi da kanwa suke haɗa gilashinsu, yanzu kwalabe suke narkawa. Muna da namu Murano a cikin ƙasar da Gwandu ta taɓa kula da ita, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da aka sani da sana'ar hannu. Mu nawa ne muka taɓa zuwa?

Kuma wannan ba aikin haka kawai ba ne, akwai tsari. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa kula da masu sana'a cikin nauyin da ke kan shugaba. Ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa da sauransu, ya ce a tabbata kowane gari ya samu nasa. Wannan fa kusan shekara ɗari biyu ke nan.

ABIN DA NA GANI

A Gwandu na fara da tambayar inda marina take. Wani dattijo ya raka ni wani fili ya nuna mini da sandarsa. In ba an gaya maka ba, ba za ka san an taɓa aiki a wurin ba, bakin karofin duk ƙasa da shara sun binne. Ya tsaya ya lissafa mini yadda ake yi: a daka ganyen baba a shanya, a zuba cikin karofi da toka da katsi, a riƙa motsawa ana jira kwanaki har ruwan ya nuna. Zane in an tsoma aka ɗaga, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Daga nan sai mabuga, inda ake zuba shuni a yi ta bugu har ya ɗauki ido. Sheƙin nan da Barth ya ce na Kano ya fi, a wurin bugu ake samunsa. Duk wannan ilimi a kan dattijon yake, babu inda aka rubuta shi.

Masaƙi sai da aka yi mini kwatance zuwa wani ƙauye a gefen gari. Na same shi ƙarƙashin rumfa, zare ya miƙe can gaba an ɗaure shi ga kunkuru, wato ɗan katakon nan da ake ɗora wa dutse yana jawowa a hankali. Ƙafafunsa suna taka allira, ƙoshiya tana kai da komo tsakanin hannuwansa, ga sawaye suna taruwa a cinyarsa, faɗinsu bai wuce yatsa huɗu ba. Su ake haɗawa a ɗinka su zama gwado ko zane ko riga. Na gaishe shi na ce, "Baba, wa ke koyo a wurinka?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa ka son wanga aiki yanzu? Ɗiyana sun tahi birni, wani na kabu-kabu, wani na sai da kati. Kwana nawa ni kan yi kan gwado guda, in kai kasuwa a ce mini bargon kanti ya hi araha." Na dubi zaren da yake aiki da shi, na kanti ne. Ya ce tun da tsofaffin da ke kaɗi da mazari suka ƙare, abawa ta yi wuyar samu.

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Saƙa ba aikin mutum ɗaya ba ce. Sai manomi ya shuka auduga, mace ta gurje ta shiɓe ta kaɗa, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mai bugu ya buga, maɗinki ya ɗinka, bafatake ya kai. In ɗaya ya faɗi, sauran ma sun kama hanya.

A Kalgo labarin ya bambanta. Maƙerar da na shiga cike take da hayaniya, yara uku suna aiki, ɗaya na juya wilin keke da aka mayar mafici a madadin zuga-zugi, ɗaya na riƙe da awartaki, babban yana saukar da masaɓa a kan uwar maƙera. Ba sa narka tama kamar kakanninsu, tsohon ƙarfen mota suke saya su sare. Lauje, galma, fartanya, gatari, bakin garmar shanu, ga su nan a jere, mutane na tsaye suna jira. Maigidan ya ce mini, "Malam, muddin ana noman shinkafa a fadama, wutar nan ba ta mutuwa." Gaskiyarsa. Tun da noman rani ya bunƙasa a jihar nan, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, mai lauje bai rasa mai saye ba.

Haka wata inna mai ginin tukwane ta gaya mini. Tukunyar miya da kaskon tuya sun ja baya saboda na ƙarfe, tulu kuma jarkar roba ta kore shi. Amma randa tana nan da ranta. Ta ce, "Ɗana, ranar da wuta ta zauna a garin nan, ranar zan fara tsoro." Randa dai ba ta neman lantarki kafin ta sanyaya ruwa.

Darasin da na ɗauko ke nan: sana'a tana rayuwa ne in tana da mai saye da mai koyo. Maƙeri yana da duka biyun. Mai randa tana da na farko. Masaƙi ya rasa duka, marini kuwa sai dai labari.

YADDA AKA KAI GA HAKA

Kada mu ɗora wa yaran yanzu laifin duka. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, kuma hedikwatar masarautar Gwandu ta koma Birnin Kebbi a 1906, alƙiblar ciniki ta juya daga Sahara zuwa bakin teku. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kamfanonin Turawa suna sayen audugarmu ɗanya su kai Ingila, su dawo mana da ita a matsayin yadi. Iyakokin da aka shata tsakanin Ingila da Faransa suka raba Gwandu da kasuwanninta na yamma. Daga baya muka kafa namu masaƙun zamani, aka fara da ta Kaduna a 1957, su ma suka ƙara matse masaƙin gargajiya, sannan su kansu suka durƙushe, babbar cikinsu ta rufe a 2007. Yau atamfa da shadda da bargon da ke kasuwar Jega yawancinsu daga Sin suke. Mun rasa ta hannu, mun rasa ta inji.

ME BENIS TA YI DA MU BA MU YI BA?

Su ma fa sun ga irin wannan. Bambancin shi ne sun riƙa ɗaukar mataki a rubuce.

Tun 1271 masu gilashin Benis suke da ƙungiya mai rubutacciyar doka. A 1291 hukumar birnin ta umarci a kwashe tanderun gilashi a kai tsibirin Murano saboda tsoron gobara. Tara su wuri ɗaya ya sa ilimin ya haɓaka, ya kuma sa aka iya tsare sirrinsa. An ba ƙwararrunsu daraja, har 'yar mai gilashi tana iya auren ɗan sarauta, amma an hana su fita ƙasar da sana'ar. Duk da haka Faransa ta lallaɓa ta janye wasu a wajen 1665 don su koya mata yin madubi. A 1474 kuma Benis ta yi dokar da ta ce wanda ya ƙirƙiro sabon abu, shi kaɗai zai ci moriyarsa har shekara goma.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Burano. Ɗinkin leshinsu ya yi suna a Turai, daga baya inji ya zo, jamhuriyar Benis kanta ta faɗi a hannun Napoleon a 1797, sana'ar ta kusa ɓacewa. A 1872 aka yi wani sanyi mai tsanani da ya hana masuntan tsibirin fita, yunwa ta shigo gari. Sai wata mai faɗa a ji, Andriana Marcello, da wani ɗan majalisa, Paolo Fambri, suka nemo wata tsohuwa da ake kira Cencia Scarpariola, wadda ta rage da sanin asalin ɗinkin. Aka zaunar da wata malama kusa da ita ta koya, ita kuma ta koya wa 'yan mata, aka buɗe makaranta. Makarantar ta yi aiki har 1970, yau gininta gidan tarihin leshi ne. Tsohuwa ɗaya fa, jama'a! Da an yi jinkirin 'yan shekaru da an binne ta da iliminta. Da na karanta wannan, masaƙin nan na gefen Gwandu ne ya faɗo mini a rai.

Da kayan jabu masu araha suka cika shagunan birnin, a 1994 gwamnatin yankin ta kafa tambari na musamman da ake manna wa gilashin da aka yi a Murano da gaske, don mai saye ya bambance. A 2020 kuma UNESCO ta sa sana'ar duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa cikin al'adun da duniya za ta kiyaye. Ƙungiya, doka, makaranta, tambari. Babu tsafi a ciki.

Amma kada mu ɗauka komai nasu abin koyi ne. A 1951 mazauna tsohon birnin Benis sun kai wajen 175,000. A 2022 sun koma ƙasa da 50,000. Gidaje sun zama masaukin baƙi, haya ta fi ƙarfin ɗan gari, shagon burodi ya koma shagon tsaraba. Ruwa ma yana cin birnin: ambaliyar 1966 da ta 2019 sun yi ɓarna mai yawa, sai a 2020 aka fara amfani da ƙofofin ƙarfe masu tare teku. Har ta kai a 2024 aka fara karɓar Yuro 5 a wasu ranaku daga baƙon da zai shiga ya fita a yini ɗaya. Da kuɗin iskar gas ya tashi a 2021 da 2022, tanderu da dama a Murano sai da suka kashe wuta na ɗan lokaci. Sana'ar da ta dogara ga ɗan kallo kaɗai, ranar da ɗan kallo bai zo ba ta kwana da yunwa. Ni ba na fatan masaƙinmu ya zama abin ɗaukar hoto. Ina so ne a sayi gwadonsa a lulluɓa.

GA MAI SHIRIN TAFIYA

Tunda wasu sun tambaye ni, ga abin da muka tattara. Bizar Italiya ta ƙasashen Shengen ce, kuɗinta Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ban da na masu karɓar takardu, kuma gara a nema da wuri. A cikin tsohon birnin babu mota ko babur, tsibirai ne sama da ɗari da gadoji sama da 400 suka haɗa, don haka a rage kaya, a nemi takalmi mai daɗin tafiya. Akwai jiragen ruwa na haya kamar bas, su ke kai mutum Murano da Burano, kuma katin kwanaki ya fi sayen tikiti ɗaiɗai sauƙi. Kwalekwalen nan baƙi mai tsawo da ake kira gondola, na rabin awa da rana Yuro 90 ne, kowa ya buga lissafinsa da canjin yau. Masauki ya fi araha a Mestre, ɓangaren tudu, jirgin ƙasa na 'yan mintoci ne ya tsallaka da kai. Daga Oktoba zuwa Janairu ne ruwa ya fi hawa tituna, tsakiyar bazararsu kuma cunkoso da zafi. In za a sayi gilashi a duba tambarin, in ba haka ba mutum zai je har Italiya ya sayo abin da zai samu a Kantin Kwari.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, ban hana kowa ba, ni ma in Allah Ya yarda zan je. Amma ga wani hutun na kwana uku da ba ya bukatar biza.

Rana ta farko Gwandu: a ziyarci hubbaren Malam Abdullahi, a nemi dattawa su nuna tsohuwar marina, a tambayi inda masaƙa suka rage, a sayo albasa. Rana ta biyu Kalgo da Jega: maƙera da sassafe kafin rana ta yi zafi, sai masu tukwane da masu tabarma, sannan kasuwa. Rana ta uku Argungu: gidan tarihi na Kanta da bakin Matan Fada. Wanda ke marmarin birnin ruwa ya tuna Kabi ma daular ruwa ce. Kanta ya ɓalle daga Songai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame da ganuwar dutse, kuma ana ba da labarin jirginsa da aka lulluɓe da tagulla. Bikin kamun kifin Argungu, wanda aka faro da zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016, shekara huɗu kafin duwatsun gilashin Benis. A tsaya a ga Sarkawa da masu gyaran kwalekwale. Wannan sana'a ce da rayuka ke rataye a kanta, duk wanda ya tuna hatsarin jirgin Warra na watan Mayun 2021 ya san haka. Kafin a kama kowace hanya dai a tambayi mutanen gari halin tsaro, a kuma yi tafiyar da rana.

In an je wurin mai sana'a a yi sallama, a gaisa, a nemi izini kafin a ɗaga waya. A tambayi sunan kowane kayan aiki a rubuta. A je da yara. Sannan don Allah a sayi wani abu, kuma kada a yi masa tayin wulaƙanci. Mutumin da ba ya neman ragi a shagon Dubai bai kamata ya tsaya ja-in-ja da tsoho kan aikin kwana biyar ba.

ROƘONA

Na farko ga makarantunmu. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a Kalgo take zaune. Tsakaninta da maƙerar da na shiga ba wata tafiya ba ce. Ga kwalejin Waziri Umaru, ga jami'ar Aliero. Kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundin kammalawa a kai. Me zai hana a tura su da waya su ɗauki murya da hoton kowane masaƙi da marini da badukun da ya rage, da sunayen kayan aikinsa da matakan aikin, a adana?

Na biyu ga Masarautar Gwandu. Muna da sarakunan sana'a tun asali, irin su Sarkin Maƙera, ga hakimai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Cikin wata ɗaya za a iya sanin mutum nawa suka rage a kowace sana'a, da shekarunsu, da ko suna da magaji. Daga nan a yi tunanin tambarin da zai nuna wannan saƙar Gwandu ce.

Na uku ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi. Ana raba kekunan ɗinki da injin markaɗe da sunan koyar da sana'a, madalla. A ware wani abu a riƙa biyan tsohon masaƙi da yara biyu ko uku da za su zauna gabansa shekara biyu. Kuma kyautar da ake ba manyan baƙi a taruka ta zama aikin hannun mutanen jihar.

Na huɗu gare mu. Kowace shekara aure nawa ake ɗaurawa tsakanin Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi? Da kowane lefe zai ɗauki zanen saƙi ɗaya, kowane ɗakin amarya ya samu gwado ɗaya da randa ɗaya, da ɗan masaƙin nan ya ajiye babur ya dawo rumfar ubansa, don ba ƙin sana'ar ya yi ba, abinci ya tafi nema. Masu sayar da kaya ta WhatsApp da Facebook su gwada sa irin waɗannan, akwai 'yan jihar nan a Abuja da Legas da ƙasashen waje da za su saya.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a bari ta zube ba. Dattawan nan da na gani duk sun manyanta, kuma babu wanda ya san gawar fari. Wanda ya san inda wani masaƙi ko marini ko majemi yake har yanzu yana aiki a ƙasar Gwandu, ya sanar da ni sunan garin, in sha Allahu zan je, kuma duk mai son rakiya ga hanya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a hannun masu nema da guminsu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.